AMSAR WASIƘUNKU: BUSASSHIYAR ALLURA DA ƘARFIN CINYA BAYAN AN YI WA GWIWA AIKI

  

A wannan mako mun ware wasiƙu uku, domin dukkansu a kan magana ɗaya suke.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Funtuwa. Ya ce ya faɗi a kan babur, jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki wata biyu da suka wuce. Miki ya warke, an cire zare, amma cinyar ta motse, in ya ce ƙafa ta ɗagu sai ta ƙi, kamar ba tasa ba. Wani ɗan'uwansa da ke birni ya gaya masa akwai wata allura marar ruwan magani da ake soka wa tsoka ta farka. Yana tambaya ko ya sayar da ragonsa ya je a yi masa, domin damina na matsowa.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sayar da man gyaɗa a Maraɗi. Ɗanta ya ji ciwo a filin ƙwallo, yau kwana goma da yi masa aiki. Sun ga hoton wannan allura a waya ana yi wa 'yan ƙwallo, tana tambaya ko a yi wa yaron yanzu don ya yi saurin komawa fili.

Ta uku kuma daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau, Kano. Shi cewa ya yi, shin wannan abu ba sakiya ba ce Turawa suka sauya wa suna? In kuwa ita ce, me zai hana wanzami ko mai kemis ya yi?

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Ga amsar a taƙaice kafin mu shiga bayani. Wannan allura, wadda za mu kira busasshiyar allura, tana iya sassauta ƙullin da ya ɗaure a tsoka, ta rage tauri na ɗan lokaci. Amma ƙarfin cinya da iya sarrafa gwiwa, motsa jiki ne da haƙuri ke dawo da su. Wanda ya riƙe wannan ya tsira da kuɗinsa, ya tsira da gwiwarsa.

MECE CE TA TSINKE?

Mu Hausawa kusan komai jijiya muke ce masa. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya ce, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya ce. Don kada mu rikice, a yau wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi za mu kira ta igiya, mai kai saƙo kuwa jijiyar saƙo.

Manyan igiyoyi huɗu ne suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiyar gwiwa, sun gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawan nan ita ce ta fi yawan kai mutane ɗakin tiyata. Tsawonta santimita 3 ne da ɗoriya, watau inci ɗaya da 'yan kai, aikinta kuwa shi ne ta hana ƙwauri zamewa gaba, ta kuma hana gwiwa murɗewa.

Yawanci takan tsinke ne in ƙafa ta kafe a ƙasa jiki kuma ya juya, alal misali ɗan ƙwallo ya yi yanka, ko ɗan kokawa an murɗa shi, ko mai babur ya sa ƙafa ya tare faɗuwa. Mutum kan ji ƙara ɗas, cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta cika ta kumbura saboda jinin da ya taru. Bayan makonni kumburi ya sauka, amma da ya juya da sauri sai gwiwa ta goce. Ƙashi bai karye ba, shi ya sa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, shi ya sa kuma maɗori ba shi da abin da zai ɗora.

In ta tsinke gaba ɗaya, galibi ba ta haɗewa da kanta, kuma ba ɗinke ta aka saba yi ba. Likita kan yanko wani zare daga jikin shi mai ciwon, ko daga agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ko daga na bayan cinya, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura shi, ya kafe shi da kusa. Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san wannan aiki. Ranar da ka ɗaura reshe ba ranar ya kama ba. Haka sabuwar igiya, sai jini ya ratsa ta, ta manne da ƙashi, wannan kuwa yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ta yi ƙwari sosai.

Bugu da ƙari, ba kowa ne ke buƙatar aikin ba. A 2010 an bayyana wani bincike daga ƙasar Suwidin a kan matasa 121 masu irin wannan rauni. An yi wa wasu aiki da wuri, wasu kuma aka fara musu da motsa jiki, aka ce sai in gwiwa ta ci gaba da gocewa za a yi aikin. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci tsakaninsu ba, kuma fiye da rabin kashi na biyun ba a kai ga yi musu aiki ba. Likitan ƙashi ne zai duba ya faɗi wanda ya dace da kowa.

ME YA SA CINYA KE ƘIN JIN MAGANA?

Malam na Funtuwa, abin da ka bayyana ba baƙon abu ba ne, kuma ba sammu ba ne, ba shan inna ba ne. Dalilai biyu ne.

Na farko, gwiwa mai kumburi da zafi takan aika saƙo zuwa laka cewa akwai haɗari, ita kuma laka sai ta rage umarnin da ke zuwa ga tsokar gaban cinya. Kamar injin ban ruwa ne, lafiyarsa lau, ga mai a tanki, amma an murɗe makunnin man. Kana so ka ɗaga ƙafa, ka ba da umarni, amma kaɗan ne ke isa. A 1984 wasu masu bincike sun ɗura ruwan gishiri a gwiwar mutane masu lafiya don su ga abin da zai faru. Suka tarar mililita 20 zuwa 30 kacal, watau kamar babban cokali biyu, ya isa ya fara kashe kuzarin tsokar da ke saman gwiwa ta wajen ciki. Ka ga ke nan kumburin da kake rainawa ba ƙaramin abu ba ne. Tsokar da ba ta aiki kuwa cikin 'yan makonni take ramewa.

Na biyu, igiyar da Allah ya halicce ka da ita tana ɗauke da 'yan ƙananan jijiyoyin saƙo, masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda gwiwa take da yadda ta karkata, ko da idonka a rufe. Su ne ke sa ka bi kunya da asuba cikin duhu ba ka faɗi ba. Da ta tsinke, wannan saƙo ya yanke, ita kuwa sabuwar ba ta zo da su ba. Saboda haka dole jiki ya sake koyon sarrafa gwiwa ta hanyar tsoka da fata da sauran sassan gaɓar. Bijimin huɗa komai ƙarfinsa, in bai san umarni ba, kunya ba ta miƙewa. Ana buƙatar ƙarfi, ana kuma buƙatar horo.

MECE CE BUSASSHIYAR ALLURA?

Siririyar allura ce ƙwarai, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ba ta da rami a ciki, ba a haɗa ta da sirinji, ba a ɗura komai da ita. Rashin ruwan magani ya sa aka ce mata busasshiya. Irin allurar da Sinawa ke amfani da ita ce a maganinsu na gargajiya, amma manufar daban ce. Su Sinawa wurare na musamman suke bi bisa tsarin da suka gada. A nan kuwa mai aikin yakan lalubi tsoka da yatsa har ya taɓo wani wuri mai tauri kamar ƙullin igiya, wanda in an danna shi zafi kan harba zuwa wani waje. Wannan ƙulli shi ake soka. Sau da yawa tsokar takan zabura, daga nan ta ɗan saki.

Asalin abin daga wata likita ce a Amurka, Janet Travell, wadda a 1961 ta zama likitar shugaba Kenedi. Ta shafe shekaru tana nazarin waɗannan ƙulle-ƙulle, tana yi musu allurar kashe zafi. A 1979 wani likita a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, Karel Lewit, ya bayyana cewa ya soki irin waɗannan wurare a jikin mutane fiye da 200 ba tare da magani ba, kuma galibinsu zafin ya lafa nan take. Watau sukar kanta tana aiki. Daga nan abin ya bazu a hannun masu gashin ƙashi a ƙasashe da dama.

Bayan aikin gwiwa irin wannan ƙulli yakan fito a cinya, ko bayanta, ko a sha-raɓa, saboda ɗingishi da dogara sanda da kuma ɗaɗɗaurewar da jiki ke yi don tsoron zafi. Shi ya sa aka yi tunanin gwada allurar ga waɗanda aka yi wa wannan aiki.

ME BINCIKE YA NUNA?

A 2017 an bayyana wani gwaji da aka yi a ƙasar Sifaniya a kan mutum 44 da aka sake wa wannan igiya. An raba su gida biyu. Duka an yi musu gashi da motsa jiki iri ɗaya, amma rabi an ƙara musu da busasshiyar allura sau ɗaya, a tsokar da ke saman gwiwa ta wajen ciki. Ga abin da ya fito. Nan take bayan sukar, waɗanda aka yi wa allura zafinsu ya ƙaru. A kwanakin farko sun fi 'yan'uwansu iya lanƙwasa gwiwa, kuma zuwa mako biyar sun ɗan fi su sauƙin harkokin yau da kullum. Amma wajen tsayuwar gwiwa da rashin tangal-tangal, babu bambanci. Sa'an nan an sami waɗanda suka yi zubar jini cikin waɗanda aka soka.

A lura da abu biyu. Mutum 44 ba su da yawa. Kuma babu ko ɗaya cikinsu da aka yi wa allura kaɗai aka sallame shi, kowa yana kan motsa jiki.

A 2023 ƙwararrun asibitin Aspetar da ke Doha ta ƙasar Katar, wanda ya shahara wajen kula da 'yan wasa, sun tattara binciken da aka yi a duniya suka fitar da ƙa'idojin jinya bayan wannan aiki. Suka ce motsa jiki shi ne ginshiƙi, sauran abubuwa ƙari ne. A kan busasshiyar allura kuwa, ba su ba da shawarar a yi ta a farko-farkon jinya ba, saboda haɗarin zubar jini.

Game da illa, a 2014 an bayyana wani lissafi daga ƙasar Ailan, inda masu gashin ƙashi 39 suka rubuta abin da ya biyo bayan jinya 7,629 da suka yi da ita. Kusan ɗaya cikin biyar an sami ƙaramar matsala, kamar taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko ɗigon jini, ko zafi, amma ba a sami babbar illa ba. Sai dai waɗannan mutane ne da suka koyi aikin, masu amfani da sabuwar allura da tsabtataccen hannu.

AMSA GA HAJIYA TA MARAƊI

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kwana goma bayan aiki ba lokacin wannan allura ba ne. Gwiwa tana kumbure, miki ɗanye ne, wataƙila ma yana shan maganin tsinka jini da aka rubuta masa. Abin da yake buƙata yanzu shi ne kumburi ya sauka, ƙafa ta miƙe sambal, cinya ta fara amsawa.

Batun saurin komawa fili kuwa, ki ja masa kunne. A 2016 wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin likitocin Amurka da Nowe ya bi diddigin 'yan wasa 106 da aka yi wa wannan aiki. Aka ga cewa duk wata guda da mutum ya ƙara jinkirta komawa wasa, har zuwa wata tara, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. Waɗanda ƙarfin cinyarsu ya kusa daidai da na ɗaya ƙafar su ma sun fi tsira. In yaron mai kallon ƙwallon Turai ne, ki tuna masa da Virgil van Dijk na ƙungiyar Liverpool. Igiyar nan ta tsinke masa a watan Oktoba na 2020, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yuli na 2021. Ga kuɗi, ga likitoci, ga kowace irin na'ura, amma sai da ya jira wata tara. Babu allurar da ke rage wa sabuwar igiya kwanakin da za ta yi kafin ta kama.

AMSA GA ALHAJI NA DAWANAU

Alhaji, ba sakiya ba ce. Sakiya da ƙarfe mai zafi ake yi don a fitar da ruwa ko mugunya daga kumburi. Ƙaho da tsaga jini suke fitarwa. Ita wannan tsoka take nema, ba ta fitar da komai, kuma ba a shigar da ita cikin gaɓa.

Muna roƙon jama'a da babbar murya, kada a yi wa gwiwar da aka yi wa aiki sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, komai kumburinta. A ciki akwai kusa da sabuwar igiya wadda jini bai gama ratsa ta ba. In ƙwayar cuta ta shiga nan, sai an koma ɗakin tiyata an wanke, wani lokaci ma a cire igiyar ɗungurungum, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Wanzami yana da sana'arsa, mai kemis yana da tasa, amma wannan aiki na wanda ya karanci jikin ɗan Adam ne. A cinya ta wajen ciki, da kuma bayan gwiwa, akwai manyan hanyoyin jini da jijiyoyin saƙo, wanda bai san inda suka bi ba zai iya yin ɓarna. Ga kuma batun allurar kanta. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma yawancinsu ba su da wata alama. Allura ɗaya a jikin mutum biyu ta isa ta yaɗa shi, haka ma ƙanjamau. A Nijeriya akwai hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, wadda aka kafa da dokar 1988, ba laifi ba ne ka nemi ganin takardar mai aikin. Ka tambaye shi ko ya yi horon wannan allura. A buɗe ta daga leda a gabanka, a jefar da ita in an gama.

Waɗanda ke shan maganin tsinka jini, da masu ciwon da jini ba ya saurin tsayawa, da masu ƙuraje ko miki a wurin, da masu ciwon sukari da bai daidaita ba, da mata masu juna biyu, su faɗa wa likita kafin a taɓa su.

AMSA GA MALAM NA FUNTUWA

Malam, ka bar ragonka tukuna. In har za ka kashe kuɗi, kashe su a kuɗin mota zuwa wurin mai gashin ƙashi. Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. 'Yan'uwanmu na Nijar su tambayi sashen kine a manyan asibitoci. In garinku da nisa, ka roƙi a zana maka atisayen a takarda, ka riƙa yi a gida, kana komawa bayan mako biyu ko uku a duba a ƙara maka na gaba.

Ga irin abubuwan da aka saba farawa da su, amma likitanka ne ke da maganar ƙarshe, musamman in an ɗinke maka guringuntsin gwiwa tare da igiyar, domin wannan yana da nasa ƙa'idoji.

Na ɗaya, yaƙi da kumburi. Ka ɗaga ƙafa ta fi ƙirji tudu in kana kwance. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma, ko ledar ruwa da ta daskare, ka ɗora minti 15 zuwa 20. In ka yi wani aiki washegari ka ga gwiwa ta ƙara cika, to ka wuce gona da iri, ka rage.

Na biyu, miƙe ƙafa. Ka ɗora dunduniya a kan matashi ka bar gwiwa ta sauka da nauyinta. Kada ka saba sa matashi a ƙarƙashin gwiwar, akwai daɗi, amma yana sa ta ƙage a lanƙwashe, gyaran wannan kuwa yana da wuya.

Na uku, tada cinya. Ka zauna a tabarma ƙafa a miƙe, ka ɗaure tsokar cinya kana danna bayan gwiwa ƙasa, har ka ga ƙoƙon ya ja sama. Ka riƙe ka ƙirga zuwa goma, ka saki. Sau goma. Mai salla ya haɗa shi da salloli biyar, ba zai manta ba. Ka sa ido a kan tsokar, ka ɗora hannu a kanta, ka fara yi da lafiyayyar ƙafa don ɗayar ta kwaikwaya. In ta ƙi amsawa, masu gashi suna da wata na'ura mai ɗan lantarki da ake mannawa a fata, tana jan tsoka kai ma kana ja. Ita wannan, ƙwararrun Doha da muka ambata sun yarda da amfaninta a farkon jinya.

Na huɗu, in ka iya ɗaga ƙafa a miƙe ba ta lanƙwashe ba, sai a shiga na ƙarfi: tashi da zama daga benci ba tare da dafa hannu ba, hawa da sauka daga dakali, tuƙa keke a fili mai laushi, sa'an nan ɗaukar nauyi kaɗan-kaɗan yadda aka tsara maka.

Na biyar, horon daidaito. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, ka ƙirga zuwa talatin. In ya yi sauƙi ka yi a kan yashi, daga baya ka rufe ido. Ka lura kada gwiwa ta faɗa ciki, ta riƙa kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Wannan shi ke maye gurbin saƙon da ya yanke.

Don ka san ko kana ci gaba, ka ari awon tela, ka auna kaurin cinya a faɗin tafin hannu guda sama da ƙoƙon gwiwa, ƙafa biyun duka, kowane mako biyu, ka rubuta. Abin da likitoci ke nema kafin su sallami mutum zuwa aiki mai juye-juye shi ne ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar.

To ina busasshiyar allura ta shigo? In bayan makonni, miki ya warke, kumburi ya sauka, mai gashi ya laluba ya tarar da ƙulli da ke hana ka lanƙwasawa ko yin atisaye, kuma ya iya aikin, ba laifi a gwada, da sanin likitan da ya yi maka tiyata. Za ka ji tsami kwana ɗaya ko biyu. Amfaninta shi ne ta buɗe maka ƙofa ka yi atisaye da kyau a ranakun da suka biyo. In an yi sau biyu ko uku ba ka ga canji ba, a dakata. Wanda kuwa ya ce maka ka biya kuɗin allura goma a dunƙule, bai ko tambaye ka irin motsa jikin da kake yi ba, ka riƙe aljihunka.

BATUN DAMINA

Mun san abin da ke ranka, Malam. Amma ka sani wata na biyu da na uku lokaci ne mai yaudara. Zafi ya tafi, mutum yana jin ya warke, alhali a daidai wannan lokaci sabuwar igiya tana cikin rauninta. Gudu ma ba a yarda da shi kafin mako 12. Aikin gona kuwa, da tsallake kunya, da santsin laka, da juyawa da buhu a ka, ya fi gudu a miƙe haɗari. Galibi likitoci kan ce aikin ƙarfi sai bayan wata huɗu zuwa shida, shi ma in cinya ta dawo. Kuɗin ragon nan, in ya zama dole a sayar, gara a biya 'yan ƙodago, ko a kira gayya, kai kuma ka zauna a inuwa kana sa ido. Asarar huɗar shekara ɗaya ta fi sauƙi a kan aiki na biyu. Waɗanda ba a riga an yi musu ba, su shawarci likita ko za a iya sa ranar bayan kaka, don jinya ta faɗa cikin rani.

Haka batun durƙuso. Zaman tahiya da tsuguno suna buƙatar gwiwa ta naɗe gaba ɗaya, wannan kuwa a hankali yake zuwa, musamman ga wanda aka yanko zaren daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Malamai sun yi bayani cewa marar lafiya yana iya salla a zaune. Kada ka sa wani ya danne maka ita da ƙarfi.

Daga ƙarshe, ga alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye, ko an yi allura ko ba a yi ba: gwiwa ta yi zafi rau ta kumbura tare da zazzaɓi, ko miki yana fitar da ruwa ko mugunya, ko sha-raɓa ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya riƙa sarƙewa tare da ciwon ƙirji. Biyun ƙarshe suna iya zama gudan jini ne, kuma yana kisa. A tafi asibiti nan da nan.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman samari masu ƙwallo da 'yan acaɓa. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku riƙa faɗin shekarunku da tsawon lokacin da ciwo ya ɗauka, don amsa ta fi dacewa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.